Damben Lahadi: Lasifika Ta Cinye Kalangu

Duk Lahadi bayan la'asar filin damben unguwarmu ta Agege cika yake yi, har da makwabtanmu Yarabawa masu biyan kuɗin ƙofa. Kwanakin Sallah kuwa ba masaka tsinke. 'Yan wasan ba su da laifi. Kudu da Arewa, Jamus da Guramaɗa, kowa na naɗe kara ya shiga da zuciya, kuma ana samun kisa mai kyau tun turmin farko.

Inda aka gaza shi ne kiɗa. An girke manyan lasifikoki ana sakin waƙoƙin waya, mai kalangu na can gefe yana duka, ba mai jin sa. To, ɗan dambe ya yi kirari wa zai amsa masa? Jama'a, taken nan shi ke tsuma ɗan wasa kafin ya ɗaga hannu. Wanda bai taɓa ganin Shago ba ma ya san shi ta bakin Ɗan Anace. Yaranmu da aka haifa a Legas sun iya ihun kisa, amma ka tambaye su taken gwaninsu, shiru.

Masu gidan dambe, don Allah ku miƙa wa makaɗa makirufo, a kashe wayar nan in an shiga fili.