Jinjina ga Masu Haɗa Jirgin Sama a Gareji

A Amurka akwai masu sayen sassan ƙaramin jirgin sama daga kamfanoni irin Van's Aircraft, su shafe shekaru a gareji suna haɗa shi. Doka ta wajabta musu yin fiye da rabin aikin da hannunsu. Idan an kammala, jami'i ya duba, sai gwajin tashi, galibi na awa 40, a keɓaɓɓen yanki kafin ɗaukar fasinja. Duk shekara kuma a sake bincike.

Abin da ya fi burge ni shi ne riƙon amanarsu. Ƙungiyarsu ta EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, tana da tsofaffin hannu da ke duba aikin sababbin shiga kyauta, saboda rai ba abin wasa ba ne. Sannunku da ƙoƙari, gwanaye!