Sharhi a Kan Kalmomin Ƙwadago a Hausar Rediyo da Jarida: Gwaji a Ƙasar Damagaram

Abin da wannan maƙala take nufi shi ne ta ɗauki waɗansu kalmomi da masu fassarar labarai da masu rubutu a kan tattalin arziki suka saba amfani da su in ana zancen ma'aikata, sa'an nan ta gwada su a kan ƙasar Damagaram, a gani ko suna iya ɗaukar kayan da aka aza musu. Ƙorafin da ke ciki da masu ra'ayin ci gaba ake yinsa, watau waɗanda ke cewa suna tare da talaka, domin su ne suka fi kowa bukatar kalmar da talaka zai ji ya san da shi ake.

Bari a fara da yabo, tun da akwai abin yabawa. Ko wane ne ya fara cewa "yajin aiki", ya san Hausa. Yaji dai shi ne mace ta bar gidan miji don fushi, alhali aure yana nan bai mutu ba, kuma ba ta komowa sai an je biko. In an lura, duk ma'anar abin tana cikin wannan: an ƙaurace amma ba a rabu ba, akwai laifin da aka yi, kuma wanda aka yi wa yajin shi ne zai taka ya nemi sulhu. Tsohuwar da ba ta taɓa ganin ƙofar masana'anta ba za ta gane wannan kalma ba tare da an yi mata bayani ba.

Ba haka abin yake ga "ma'aikaci" da "ƙungiyar ƙwadago" ba. A asalin Hausa, ƙwadago aikin lada ne na yini, kamar noman da mutum zai yi a gonar wani a biya shi da yamma. Ɗan ƙwadago shi ne na can ƙasa, wanda hatsinsa ya ƙare tun damina ba ta yi nisa ba. Amma yau in aka ce ƙungiyar ƙwadago, ko "sandika" kamar yadda mutanen Nijar ke faɗi, abin da ke zuwa a zuciyar mai sauraro shi ne malamin makaranta, da malamin asibiti, da ma'aikacin ofis. An ari sunan ɗan ƙwadago an yafa wa mai albashi, shi kuwa mai sunan an bar shi a bakin gona. Mutumin Hamdara, a gundumar Mirya, wanda ke noma wata huɗu sa'an nan ya tafi cin rani Zindar ko Kano ya yi dako ko tallan ruwa, in ka tambaye shi ko shi ma'aikaci ne, dariya zai yi ya ce shi ba ya aiki. Wannan amsa tasa ita ce ma'aunin yadda kalmar ta tsuke.

Tarihi ya nuna ba dole ba ne a yi haka. Bayan da aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulki a 1946, aka kuma kafa dokar aiki ta 1952, Jibo Bakari ya gina ƙarfinsa a kan ƙananan ma'aikata, irin su leburori, da direbobi, da masu aikin lambu, da boyi-boyi. Kalmomin da jam'iyyarsa ta riƙe su ne "talaka" da "sawaba", waɗanda NEPU ta riga ta ɗaga a Kano tun 1950, kuma Damagaram tana cikin wuraren da suka fi karɓar kiran, har aka haramta Sawaba a 1959. "Talaka" kalma ce mai faɗi: majemi da baduku da mai albashi duk suna samun wurin zama a cikinta. Gaskiya ne babbar ƙungiyar USTN ta yi rawar gani wajen tilasta taron ƙasa na 1991, kuma ba mai ƙwace mata wannan. Amma yawancin 'ya'yanta masu ɗaukar albashi ne, harshenta kuwa ya bi 'ya'yanta.

Kalmar da ta fi damun mai wannan rubutu ita ce "rage ma'aikata". Fi'ilin "rage" da kaya ya dace: a rage miya, a rage farashi, a rage wa jaki kaya. Sa'ad da aka ce "an rage ma'aikata", abu biyu sun ɓace a lokaci guda. Na farko mai aikatawa, domin "an" ba ta da fuska. Na biyu mutumin da abin ya faɗa wa, domin jimlar tana duban waɗanda suka saura, tana kuma nuna cewa da ma sun yi yawa. Hausa tana da "kora", tana da "sallama", kowace da nauyinta: kora tana ɗauke da wulaƙanci, sallama kuwa tana nufin an ba mutum hakkinsa an yi ban kwana. Mai fassara da ya guje wa duka biyun ya shiga bayan mai kamfani ko bai sani ba. Ƙasar Damagaram kuwa ta san wannan ciwo. Farin 1973 zuwa 1974 da ciwon gyaɗa na 1975 sun karya cinikin da injinan mai na Matamaye da Magarya suka dogara a kansa. Masana'antar sarrafa gero ta SOTRAMIL a Zindar ita ma ta durƙushe. Ga kuma tsarin tsuke bakin aljihu na shekarun 1980, da karya darajar sefa a Janairun 1994. Duk wannan an iya ba da labarinsa da "ragewa" da "gyara" ba tare da an ambaci gida guda da aka daina ɗora tukunya ba. Don a ga bambancin, a tuna watan Maris na 2025, sa'ad da gwamnatin Nijar ta umarci manyan jami'ai uku 'yan Sin na kamfanonin mai su bar ƙasar, tazarar albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa tana cikin dalilan da aka bayar. A nan ba mai iya cewa an rage su. Ashe in manya abin ya shafa, fi'ilin gaskiya ba ya ɓata.

Ɗaya daga cikin kamfanonin nan ita ce matatar SORAZ, wadda aka buɗe a arewacin Zindar a Nuwamban 2011, mai iya tace ganga 20,000 a yini, kashi 60 na kamfanin CNPC, kashi 40 na gwamnati. Samarin da suka sa rai da ita ba su samu ba, fim ɗin "Zinder" na A'isha Macky (2021) ya nuna waɗansunsu a unguwar Kara-Kara, suna fasa dutse, suna fasa-ƙwaurin fetur. Rediyo yana kiran irinsu "marasa aikin yi", alhali mai fasa dutse ya fi mai karanta labarin zufa. Titi kuwa ya raɗa wa sana'o'in nan suna tuni: 'yan ruwa-ruwa, 'yan kabu-kabu.

Saura "muhalli". Aro ce daga Larabci, ma'anarta ta farko wurin zama, shi ya sa har yau manomi in ya ji "kare muhalli" yakan ɗauka shara da kwata ake nufi. Har wa yau "karewa" tana tuna masa malaman daji da tara. Dokar daji ta Turawa ta 1935, da ta 1974 wadda ta gaje ta, sun ɗora hannun hukuma a kan itace, har ya zama manomi yana tuge tsiron gawo tun yana ƙarami don kada ya girma ya jawo masa magana. Ana ba da labari cewa a zamanin Sarki Tanimu (1851-1884) hukuncin mai sare gawo mai tsanani ne ƙwarai, amma can aƙalla kowa ya san amfanin abin da aka hana: yana zubar da ganye da damina, bai tare wa hatsi rana, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Mirya da Magarya da Matamaye suka shiga barin tsiro a gona suna yi masa aski, har gawo ya sake rufe gonaki masu yawan gaske, kuma sai a 2020 doka ta tabbatar musu da hakkinsu a kan itacen da suka raina. Sunan da wannan aiki ya samu shi ne "sassaben zamani". Sassabe aiki ne da kowane manomi ke yi da bazara da gatarinsa; abin da aka canja kurum shi ne wane reshe za a sare, wane za a bari. A nan aiki da tsaron ƙasa sun zauna cikin kalma ɗaya, abin da masu rubutun ci gaba ke ta neman haɗawa da dogayen jimloli, suna cewa "samar da aikin yi tare da kare muhalli", kamar waɗansu kishiyoyi biyu da aka tilasta wa zaman ɗaki guda.