Aku a Jakar Ɗan Kwaleji: Magana Jari Ce da Karatun Kai da Kai a Cadakori

Ɗan kwalejin Cadakori, a gundumar Gidan Rumji, ba shi da wata sa'a da aka ware masa domin karatun ganin dama. Asuba ta allo ce, ga wanda bai ajiye allon ba tukuna. Hantsi na aji ne. In an tashi akwai ɗiban ruwa, ko yankan ciyawar tumaki, ko aiken mai masauki ga waɗanda suka zo daga ƙauyukan kewaye aka damƙa su a gidan wani. Ana komawa lakwal cikin watan Oktoba, alhali gero bai gama shiga rumbu ba, saboda haka makonnin farko rabin hankalin yaro yana gona. Abin da ya rage masa shi ne dare, da fitila mai batir, da kaye. Kuma kayen nan shi ne kusan dukan ɗakin karatunsa: abin da mushe ya rubuta a allon bango, shi ya kwafa, shi zai haddace, shi zai mayar ranar jarrabawa. Littafi sukutum, mai bango da farko da ƙarshe, baƙo ne a hannunsa.

To, in har irin wannan yaro ya samu littafi guda da zai karanta ba don maki ba, wanne ne zai fi buɗe masa ido? Amsar da ta fi saurin zuwa bakin malamai ita ce ɗaya daga cikin manyan littattafan Afirka na Faransanci. Amma akwai hujja mai ƙarfi a ce Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya fi su dacewa da wannan aiki, kuma dalilin ba kishin harshe ba ne kawai.

A duba abin da waɗancan littattafai suke gaya wa ɗalibi game da karatu. A cikin L'Enfant noir na Camara Laye, wanda ya fito a 1953, ɗan maƙeri ne daga Kurusa ta ƙasar Gini, kowane mataki na makaranta yana ƙara nesanta shi da maƙerar ubansa, daga Kurusa zuwa Konakiri, har littafin ya rufe yana cikin jirgin sama da taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris a aljihu. A cikin L'Aventure ambiguë na Cheikh Hamidou Kane, na 1961, an cire Samba Diallo daga gaban malaminsa na Alƙur'ani an kai shi makarantar Bature, ya je Paris ya karanta falsafa, ya dawo gida bai iya zama ba, ya mutu a hannun mahaukaci. Littattafai ne nagari ƙwarai, babu mai musun haka, kuma yaron da ya baro ƙauyensu yana da shekara 12 ko 13 ya kwana a zauren wani yana jin zafinsu fiye da ɗan birni. Sai dai duka biyun abu guda suke nuna masa, cewa karatu tafiya ce wadda ba a dawowa daga ita yadda aka tafi. Ba su nuna masa yadda mutum zai ɗauko littafin wasu ya shigo da shi gida ba.

Wannan kuwa shi ne ainihin aikin Imam. An haife shi a Kagara a 1911, gidan malamai da alƙalai, ya yi karatun Larabci tun yana ƙarami, sannan ya shiga Kwalejin Katsina daga 1927 zuwa 1932, ya fito ya zama malamin makarantar Midil ta Katsina. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar ƙaga labarai cikin Hausa, Imam ya shiga da Ruwan Bagaja, yayansa Bello Kagara kuma da Ganɗoki. Lokacin Imam bai wuce shekara 22 ba. Tun a wannan littafi na farko hannun mai karatu ya bayyana, domin wasan kura da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke yi wa juna, a haɗu a wannan gari a rabu a sake haɗuwa a wancan, ginin Maƙamat na Hariri ne, littafin da almajiran zaure suka sani sarai. A 1936 East ya jawo shi Zariya ya tara masa littattafan tatsuniyoyi na Larabawa da Indiyawa da Turawa, daga nan Magana Jari Ce ya fito cikin littafi uku, farawa daga 1937, ɗauke da labarai sama da 80. Wato abin da ke hannun mai karatu rahoton karatun wani saurayi ne ɗan shekara 25, wanda aka ajiye wa tarin littattafan duniya a gaba, ya karanta su da kunnen Bahaushe.

Shimfiɗar littafin kanta ta ishi misali. Akun da ke ba da labari dare bayan dare domin ya hana wani fita daga gida ya samo asali ne daga wani tsohon littafin Indiya na labarai 70, wanda Farisawa suka sake rubutawa da sunan Tuti Nama. A can, mace ce mijinta ya yi tafiya, tana son ta fita wurin kwarto, aku yana riƙe ta da zance har gari ya waye. Imam ya riƙe akun, ya riƙe daren, ya zubar da kwarton. A wurinsa Musa ne, ɗan Sarki Abdurrahman, yake ɗokin bin sawun ubansa zuwa yaƙi, Waziri kuwa ya ɗana masa tarko a waje. Da wannan canji guda labarin ya tashi daga ɗakin aure ya koma fada, inda ake hassada da neman gadon sarauta, abin da duk wanda ya san tarihin Tibiri ko Maraɗi ba sai an yi masa bayani ba. Ana iya cewa kunya ce ta sa shi, ko kuwa sanin cewa yaran makaranta za su karanta. Ko ma mene ne, zaɓi ne na wanda ya tambayi kansa abin da ke riƙe da labarin da abin da yake ado kawai.

Akwai wani wuri da wannan ya fi shafar ɗalibin Nijar musamman. Kusan duk wanda ya zauna a benci a ƙasar nan ya haddace wani abu na La Fontaine, ya miƙe tsaye ya rera shi hannu a bayan baya, sau da yawa ba tare da ya san me yake faɗa ba. Daga cikin tatsuniyoyin da La Fontaine ya fitar a 1678 akwai ta Perrette, mai ɗauke da tukunyar madara a ka za ta kasuwa, tana lissafin ƙwai da kaji da alade da saniya, har murna ta sa ta yi tsalle madarar ta zube. A cikin Kalila wa Dimna, wanda Ibn Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8, wani mai ibada ne ya rataye tulun zuma da mai a saman shimfiɗarsa, ya yi ta lissafin awaki da aure da ɗa, ya ɗaga sanda yana nuna yadda zai hori ɗan da ba a haifa ba, ya fasa tulun. A wurin Imam kuma ga Sahoro da Sahorama, malalata biyu, su ma zumarsu ta tafi a kan sandar horon ɗan da bai zo duniya ba, sai dai shi ta hannun ƴan'uwan nan Grimm na Jamus labarin ya iso masa. Rijiya ɗaya ce, guga uku. La Fontaine da kansa ya faɗa a gabatarwar wancan kundi cewa yawancin abin da ke ciki bashi ne daga Pilpay, masanin Indiya, wanda shi ne Baidaba na Kalila. Ɗalibin da ya gano wannan da kansa, ko da a labari guda ne, ba zai ƙara ɗaukar haddar Faransanci a matsayin wani abu da ya sauko daga sama ba. Zai ga cewa Bafaranshen ma aro ya yi, kamar yadda mutumin Kagara ya yi, kuma Perrette ba ta da wani bambanci da Bafulatanar da ke wucewa ƙofar gidansu da ƙwaryar nono kowace safiya.

Masana irin su Ibrahim Malumfashi sun bi sawun labaran Imam ɗaya bayan ɗaya, sun nuna wanda ya fito daga Dare Dubu da Ɗaya da wanda ya fito daga Grimm da sauransu. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin tonon asiri. Amma sai an ajiye asalin kusa da na Imam ake ganin girman aikinsa. Labarin Kalala da Kalalatu, alal misali, a wurin Grimm kuku ce da ubangidanta: ta cinye kaji biyu da aka gasa wa baƙo, ta tsorata baƙon da wuƙar da maigidan yake wasawa, ta ce wa maigidan baƙo ya gudu da kaji. Imam ya mayar da su miji da mata, nan take nauyin labarin ya sauya, domin a ƙasar Hausa abin da aka ajiye wa baƙo mutuncin maigida ne, kuma amanar tana hannun uwargida. Ga kuma sunayen, waɗanda tun kafin a fara labari sun riga sun ba da dariya.

Ba a ce littafin ba shi da aibu ba. Imam bai ambaci inda ya ɗebo labaransa a cikin littafin ba, a nan La Fontaine ya fi shi. An rubuta shi ƙarƙashin idon jami'in mulkin mallaka, domin makarantun mulkin mallaka, kuma babu inda ya ɗaga murya a kan wannan mulki. Zargin da Mongo Beti ya yi wa Camara Laye, na yin shiru a kan zaluncin Turawa, zai iya hawa kan Imam ma. Sarki a wurinsa kusan kullum mai adalci ne, in an ga ɓarna to daga waziri take ko wani bafade. Mata kuwa, in ba makirci ba to wauta, kaɗan ne suka tsira. Yarinyar da ke aji uku a kwaleji, wadda take kokawa da maganar aure a gida domin ta kai ga jarrabawar BEPC, tana da haƙƙin ta ji haushin wannan, kuma jin haushin ma karatu ne. Wanda yake son ya ga mace a tsaye gaban bindigar Bature sai ya nemi Sarraounia na Abdoulaye Mamani, na 1980, wanda ya ɗauko yaƙin Lugu na 1899 da ayarin Voulet da Chanoine, ayarin da ya ƙare a Maijirgi, nan cikin jihar Maraɗi.

Wahalar farko ma ba ta ma'ana ba ce, ta baƙaƙe ce. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram, amma mafi yawan yara ba ta irin wannan makaranta suka biyo ba, ba a taɓa koya musu rubutun harshen da suke magana da shi ba. Yaron da ya saba ganin sunan garinsu a rubuce Chadakori, na gundumarsu Guidan Roumdji, sai ya koya wa kansa cewa c ɗin nan ita ce tch, u ita ce ou, kuma ƙugiyar da ke kan ƙ da ɗ da ɓ ba kuskuren maɗaba'a ba ne. Sannan ga Hausar littafin, wadda ba ta Gobir ba ce: shi yana cewa tahi da biyat da ɗiya, littafin yana cewa tafi da biyar da ƴa. Yawanci da ƙarfi ake fara karantawa, ana tuntuɓe, har kunne ya gane abin da ido ya kasa. Shafi goma na farko ne masu wuya. Wanda ya haye su ya koyi karatu karo na biyu ba tare da malami ba, kuma da yawa, musamman ƴan mata, a kan littattafan soyayya na Kano suka yi wannan hayewa, waɗanda suke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa a cikin kayan ƴan kasuwa. Masu raina waɗannan littattafai su tuna da haka.

Littafi na uku shi ne aka fi tsallakewa, alhali shi ya fi kusa da zancen nan. Bayan aku ya tsirar da Musa ya zama waziri, bayan ya kara da Haziƙ, akun Sarkin Sirika, a littafi na biyu, sai ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar: ya ba shi labari, ya sa shi ya maimaita, ya gyara masa, wani lokaci da faɗa. Imam ya san irin koyarwar da ake yi a aji, ya yi ta shekaru a Katsina, kuma akunsa ba ya rabuwa da halin malaman zamaninsa na saurin hannu. Amma abin da yake nema daga Fasih ya wuce hadda, so yake ɗan ya iya juya labari da bakinsa.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Doka ba ta kai littafi Cadakori, kuma malamin da ke da ɗalibai cike da aji da kwafi guda ba zai jira ta ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya rubuta Perrette a rabin allo, ya karanta musu Sahoro da Sahorama da baki, ya bar su su gano inda labaran biyu suka haɗu da inda suka rabu, sannan ya ba da aron littafin ga wanda ya fara tambayar abin da ya faru da Musa a dare na gaba.