Takobin da Ba Ya Shiga Gwanjo

A shekarar 2004 an yi gwanjon wani tsohon kulki a birnin New York, aka saye shi dala miliyan 1 da dubu 265. Icce ne kawai, amma da shi Babe Ruth, gwarzon wasan besbol na Amurka, ya buga ƙwallon da ta yi suna ranar buɗe filin Yankee a 1923. Kuɗin hannun da ya riƙe shi aka biya. Ni ban ga laifinsu ba ko kaɗan, don ciwonmu ɗaya, sai dai nawa ciwon na takobin kokowar Nijar ne, kuma wallahi ya fi kulkin nan daraja nesa ba kusa ba.

Mu ƴan Filinge muna da bakin magana a nan. A zamanin shugaba Seyni Kunce, ɗan Fandu cikin yankinmu, aka fara gasar kokowar a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Yau jihohi 8 ke zuwa, kowace da ƴan kokowa 10, maza 80 a kan takobi ɗaya!

Kai, duba lokacin da ake miƙa shi. Ƙato ya fito daga fage ƙura har gira, walki ya jiƙe sharkaf, layu da guraye sun ci damtse, makaɗa sun kusa fasa ganguna. A sa masa babbar riga, a naɗa rawani, a jawo doki. Duk wannan ado ne. Sai ya ɗaga takobin sama kake jin gari ya tsage da guɗa, mu da ke kewaye da rediyo ɗaya a tsakiyar ƙasarmu Kurfai ma sai mun miƙe tsaye. Ba mamaki, jikokin mayaƙan Dallol Boso ne mu, mun san mutuncin ƙarfen da ke cikin kube.

Kadri Abdu na Doso, wato Isaka Isaka, ya tara 6, uku daga ciki a jere: Yamai, Difa, Agadas. Wane attajirin Amurka ke da irin wannan taska? Shi aljihu ya buɗe, Isaka kuwa sai da ya kai maza ƙasa kafin kowane ɗaya ya shiga ɗakinsa. (Na so a ce ɗan jiharmu Tilaberi ne, amma gwani gwani ne.)

Kukana ɗaya ne. Takubban su Kantu, Salma Ɗan Rani, Kadade da Bala Haruna sun cancanci ɗaki guda a gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, kowane da sunan mai shi, shekara da garin da aka ci shi, walkinsa a gefe. Ko aro iyalansu suka bayar na wata guda, ranar Lahadi zan bar kasuwar Filinge tana ci in hau motar farko.