Harshen Dandali: Sharhi a kan Wasannin da Ake Shirya wa Jama'a a Kajuru da Kudancin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi wasanni da bukukuwan da hukuma ko jami'a kan shirya wa jama'a, tare da auna dacewarsu da ƙasar Kajuru, inda Adara da Gbagyi da Hausawa da Fulani ke cin kasuwa ɗaya. Tambayar da aka sa gaba ita ce: idan an kafa dandali, wane harshe ne ke ɗauke da ma'ana, wanne kuma aka bari a matsayin ado? Manazarta sun fi karkata ga jigon wasa da kayan rawa, suka yi wa wannan tambaya riƙon sakainar kashi.

2.0 Darasi daga Ƙasar Sin

A ƙasar Sin ne aka yi gwaji mafi girma na kai wasa ƙauye da hannun hukuma. Bayan jawaban da Mao Zedong ya yi a Yan'an a 1942, ma'aikatan jam'iyya sun ɗauki yangge, wato rawar manoma ta bikin sabuwar shekara, suka tace ta daga batsa, suka cusa mata saƙon noma da gwagwarmaya. Sabuwar yangge ta 1943 ta sami karɓuwa ne domin an bar mata karin waƙa da lafazin mutanen arewacin Shaanxi. Amma tsakanin 1966 da 1976 hukuma ta taƙaita dandalin ƙasar ga 'yan wasannin da ta amince da su, wasannin yankuna suka shiga wani hali. Wato hannun da ya raya wasa, shi ne kuma ya shaƙe shi.

3.0 Gwajin Jami'ar Ahmadu Bello

A Nijeriya ta Arewa, ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ƙarƙashin Michael Etherton da abokan aikinsa, sun gabatar da Wasan Manoma a Soba a 1977, daga baya aikin ya kai Maska da Bomo. Hanyarsu ita ce su saurari koke-koken manoma, su ƙaga wasa ba tare da rubutu ba, su nuna shi a fili, sannan a tattauna. Ƙarfin wannan hanya yana ga tattaunawar. To amma abin lura shi ne, waɗannan garuruwa duk na Hausawa ne, manomi yana musu da harshen da ya sha a nono.

A Kajuru lamarin ya sha bamban. Hausa harshen kasuwa ne da na majami'u da yawa, amma ga Adara harshe na biyu ne, kuma ba danginsa ba, domin Hausa ɗan gidan Cadi ne, harshen Adara kuwa daga reshen Filato na Binuwai-Kwango yake. Idan aka buɗe tattaunawa da Hausa zalla, wanda bakinsa ya fi faɗawa da ita shi zai mamaye fili. Dattijuwar da karin maganarta da habaicinta ke cikin harshen gida sai ta koma 'yar kallo, alhali ita ce ta san inda ke yoyo.

4.0 Afan da Tuk Ham

Bukukuwan maƙwabta sun nuna wata fuskar matsalar. Afan na Kagoro, wanda asalinsa bikin ƙarshen girbi ne da buɗe farauta, ana yin sa ranar 1 ga Janairu. Tuk Ham kuwa ana yin sa a Kwoi wajajen Ista. Babu shakka tsarin zamani ya ɗaukaka su, ya kuma jawo 'yan ƙasa da ke birane gida. Sai dai galibi waƙoƙi ne kawai ake ji da Gworok ko Hyam, jawabai da sanarwa kuwa da Ingilishi da Hausa. Kowace ƙungiya takan sami ɗan lokaci ta gifta gaban manyan baƙi, waƙar da ta kamata ta yi tsawo a yanke ta. Harshen da aka keɓe wa rawa kaɗai, yara za su ɗauke shi tamkar kayan ado da ake sawa sau ɗaya a shekara.

5.0 Kammalawa

Wannan sharhi bai nemi a kori Hausa daga dandali ba, domin in babu ita Adara da Bagwari da Bafillace ba za su ji juna ba. Abin da ake nema shi ne a ba ta aikin gada: a yi wasa da musu da harshen masu gida, tafinta ya mayar da Hausa, manazarta kuma su naɗi waƙoƙin su rubuta su tare da fassara. A ƙasar da ta ga rikicin Kasuwan Magani na watan Oktoba, 2018, harshen da aka fara buɗe taro da shi yana shaida wa jama'a wane ne mai gida, wane ne baƙo. Mai shirya wasan da bai yi la'akari da wannan ba, ya tara mutane ne kawai, bai haɗa su ba.