Shari'ar Da Ba Ta Da Alƙali: Tsokaci Kan Soke Bizar Ɗalibai a Amurka

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya san unguwar Concourse Village a Bronx ya san titi na 161 inda kotunan gundumar suke jere, ya kuma san yadda 'yan Afirka ta Yamma suka yawaita a kewayen wurin, har da Hausawan Gana da Nijar da Najeriya. A waɗannan kotuna, wanda aka kama yana da lauya, ana karanta masa tuhuma, ana saurarensa, sau tari ma a kori ƙarar. To amma ga ɗalibi mai biza akwai wata shari'a ta biyu da kan biyo baya, wadda ba ta da zaure balle alƙali, wato soke biza bisa zargin rashin ɗa'a. Ita nake so in yi tsokaci a kanta.

Sashe na 221(i) na dokar shige da fice ta 1952 ya ba jami'in jakadanci ko Sakataren Harkokin Waje ikon soke biza duk lokacin da ya ga dama. A 2004 majalisa ta ƙara masa wata jimla guda: babu kotun da za ta duba wannan mataki, sai dai a shari'ar korar mutum, kuma sai in sokewar ce kaɗai hujjar korar. A 2015 kuma aka umarci jami'ai su soke bizar wanda aka kama da zargin tuƙi cikin maye, ko da kotu ba ta same shi da laifi ba. Kamu kaɗai ya wadatar ke nan.

Masu kare wannan tsari cewa suke yi baƙo raɓa ne, mai gida ke da ikon ƙofarsa. Kotun Ƙoli ma ta daɗe a kan haka, tun daga shari'ar Mandel a 1972 zuwa ta Muñoz a 2024, inda ta ƙi shiga batun wani ɗan El Salvador da aka hana biza bisa zargin yana cikin gungun 'yan daba, alhali matarsa Ba'amurkiya ce. Ban musa cewa ƙasa na da ikon iyakarta ba. Sai dai waɗannan shari'o'i na mutanen da ke waje ne suna neman shiga. Wanda aka riga aka tantance, ya biya kuɗin makaranta, ya kai tsakiyar digirinsa, lamarinsa daban ne, kuma bai kamata a auna su da mudu ɗaya ba.

Shekarar 2025 ta nuna illar abin a fili. Hukumar shige da fice ta bi sunayen ɗalibai kimanin miliyan 1.3 ta cikin rumbun bayanan 'yan sanda, ta rufe rajistar SEVIS ta sama da 4,700, cikinsu har da masu laifin hanya da waɗanda kotu ta riga ta kori ƙararsu. Da yake rufe rajista ba soke biza ba ne, kotunan tarayya sun samu damar dubawa. Alƙalai da dama suka dakatar da matakin, har gwamnati ta sanar a ranar 25 ga Afrilu cewa za ta mayar da rajistar. Ku duba da kyau: inda aka bar alƙali ya leƙa, ya ga kuskure. To ina ga ɗakin da aka hana shi shiga? Bizar da aka soke tana nan a soke.

Ostireliya ba ta da sassauci a wannan fanni, domin sashe na 501 na dokarta ta 1958 yana kayar da duk wanda aka yanke wa ɗaurin wata 12. Duk da haka kotun tarayya na iya duba ko an bi ƙa'ida. A Janairun 2022, ƙarƙashin wasu sassan na dokar, alƙali ya rushe soke bizar ɗan wasan tanis Novak Djokovic saboda ba a ba shi isasshen lokacin kare kansa ba. Minista ya sake sokewa da kansa, kotu ta amince, aka fitar da shi. Ashe duban kotu ba ya ɗaure hannun gwamnati, tilasta mata bin hanya kawai yake yi.

A ganina gyaran ba mai wuya ba ne: a ba ɗalibi dalili a rubuce, a ba shi damar amsawa, a kuma cire waccan jimla ta 2004 a kan wanda ke cikin ƙasar. Kafin nan, in kunne ya ji, jiki ya tsira. Wanda tsautsayi ya kai shi titi na 161, ya gaya wa lauyansa tun farko cewa da bizar karatu yake zaune, domin hukuncin Padilla na 2010 ya wajabta wa lauya ya faɗa masa ko amsa laifi zai jawo kora. Kada kuma wanda aka soke wa biza ya yanki tikiti kafin ya ga lauyan shige da fice, tunda a Disambar 2025 an sa Nijar cikin ƙasashen da aka hana shiga gaba ɗaya, Najeriya kuma cikin waɗanda aka dakatar wa sabuwar bizar karatu. Fita da sauƙi take, komowar ce aiki.