Gwanintar Gashi a Kan Murhun Gas

Mutane da yawa suna ɗaukar gashi a kan murhun gas abu ne mai sauƙi: a murɗa makunni, wuta ta kama, a ɗora nama. Amma ka ba mutum biyu murhu ɗaya da nama iri ɗaya ka gani. Na farko zai sauke maka wanda ya babbake a waje, cikinsa kuwa jini. Na biyu zai miƙo maka wanda bayansa ya yi ja, cikinsa ya yi laushi, kana sa wuƙa romo na tsattsafowa. Abin da ya raba su shi ne sanin wuta. Gwanin wannan aiki ya san inda zafi ya taru a murhunsa da inda ya yi sanyi, ya kuma san abin da kowane irin abinci yake buƙata.

Shi dai murhun akwati ne na ƙarfe mai murfi. A ƙasansa akwai bututai masu ƙananan huji, biyu ko uku ko huɗu, kowanne da makunninsa, duk suna shan iskar gas daga tukunya. A sama akwai ragar ƙarfe da ake jera abinci. A tsakaninsu kuma akwai wasu ƙarafa tanƙwararru da suke rufe harshen wutar. A da duwatsun aman wuta ake zubawa a wurin, sai a 1985 kamfanin Weber na Amurka ya fito da murhunsa mai suna Genesis da irin waɗannan ƙarafa. Aikinsu biyu ne: suna hana maiƙo toshe hujin bututai, sannan idan kitse da romo suka ɗiga a kansu suna ƙauri, hayaƙin ya tashi ya koma jikin nama. Wani ɓangare na ƙanshin gashin gas daga nan yake fitowa.

Gwani ba ya gaggawar ɗora komai. Yakan buɗe murfi tukuna kafin ya kunna, don kada gas ya taru a ciki ya tashi da ƙarfi. In wuta ta kama sai ya rufe, ya bar murhun ya ɗauki zafi na minti 10 zuwa 15. Daga nan ya kankare ragar da burushi, ya dangwalo man gyaɗa da ɗan ƙyalle mai tsabta ya goge ta. Naman ma sai ya tsane masa ruwa ya sa gishiri. Dalili kuwa shi ne, jan nan mai ƙanshi da ake so a bayan nama yana samuwa ne idan sinadaran gina jiki da ɗan sukarin da ke cikinsa suka haɗu da zafin da ya kai digiri 140 ko fiye. Wani masani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ya fara bayanin wannan a 1912. Jiƙaƙƙen nama a kan raga mai sanyi sai dai ya yi ta fitar da ruwa yana dahuwa, ba zai yi ja ba. Shi ya sa gwani yake kasa kunne: in ya ɗora yanka bai ji "cuuu" nan take ba, ya san da sauran lokaci.

Babban sirrin aikin shi ne raba wuta gida biyu. Gefe guda a ƙure makunni, ɗaya gefen a rage sosai ko a kashe gaba ɗaya. Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Mai tsire da yake kafa tsinkayensa kewaye da tukuba, yana matso da wannan kusa da wuta yana janye wancan baya, ita yake amfani da ita tun kaka da kakanni. A murhun gas, gefen zafi na sa launi ne, gefen sanyi kuma, idan an rufe murfi, na ƙarasa cikin abinci a hankali ba tare da ƙuna ba.

Dubi yadda yake yi da yankan naman sa mai kaurin yatsa biyu. Ya shimfiɗa shi a gefen zafi, ya janye hannunsa. Ba ya dannawa, ba ya soka masa cokali mai yatsu, don duk romon da ya zuba ba ya dawowa. Bayan minti uku ko huɗu sai ya sa awartaki ya ɗaga gefe ya leƙa. In ya ga zanen raga ya fito, sai ya juya. In kitse ya ɗiga wuta ta tashi, ba ya yayyafa ruwa, sai dai ya ja naman gefe har ta lafa. Yajin ƙuli kuwa sai gab da saukewa yake barbaɗa mafi yawansa, domin gyaɗa ba ta jure wuta mai ƙarfi, da ta ƙone sai ɗaci. Da ya sauke, sai ya bar naman ya huta na minti biyar kafin ya yanka, kuma a gicciye yake yankawa, ba bin tsawon tsoka ba, don ya yi daɗin tauna.

Kaza mai ƙashi ta fi son akasin haka. A gefen sanyi take fara zama, murfi a rufe, na tsawon rabin awa ko fiye, sai a ƙarshe a kai ta gefen zafi fatar ta yi ƙamas. Masu kula sosai suna amfani da ma'aunin zafi mai tsini: kaza sai tsakiyarta ta kai digiri 74, niƙaƙƙen nama 71, yankan naman sa ko na rago da kifi kuma 63. Da Babbar Sallah ma gwani yana da shawara: naman da aka yanka yanzu tauri gare shi, in ya kwana a firji ya fi karɓar gashi.

A wajen kifi ake gane wanda ya ƙware. Ɗauki karfasa guda, an kankare ta an wanke. Sai ya tsattsaga jikinta sau uku kowane gefe, ya cusa citta da tafarnuwa da attaruhu a cikin tsagar, ya shafe ta da mai. Da ya ɗora, fatar za ta manne da raga. Mai koyo a nan yake firgita ya fara ɓamɓara, kifin ya dagargaje. Gwani jira yake yi, don ya san in fatar ta gasu da kanta za ta saki ƙarfen. Sai ya zura faffaɗan cokali ta ƙasa ya juya ta sau ɗaya tak. Ƙiyasin da ake bi shi ne kimanin minti 10 ga kowane kaurin santimita biyu da rabi. Alamar nuna kuwa, tsokar ta yi fari tana rabuwa da ƙaya cikin sauƙi. Tarwaɗa, da yake tana da maiƙo da taushi, akan naɗe ta a takardar alminiyam tare da albasa da tumatir, ta turaru a cikin romonta.

Kayan lambu ma kowanne da halinsa. Albasa a yanka ta da kauri a soke da tsinke don kada ta warwatse, zafi zai fito da zaƙinta. Tattasai a bar bayansa ya yi baƙi, a rufe shi a kwano na ɗan lokaci, ɓawon zai saluɓe ya bar tsoka mai daɗi. Yalo da kabewa suna son mai da matsakaiciyar wuta. Kuɓewa minti kaɗan ya ishe ta, kuma gashi yana rage mata yauƙi. Dankali ya fi kyau a ɗan tafasa shi tukuna. Sai kuma tsara lokaci: dankali da kaza su fara hawa, nama ya biyo baya, kifi da tumatir su zo ƙarshe, yadda komai zai iso faranti da zafinsa.

Duk wannan ƙwarewa tana tafiya ne tare da kiyaye lafiya. A fili ake gashin gas, ba a ɗaki ko rufaffen shago ba. Tukunya a tsaye take zama, nesa da zafi. Gas ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya, don haka gwani yakan shafa ruwan sabulu a jikin tiyo da mahaɗarsa lokaci zuwa lokaci. In ya ga kumfa na tasowa, ba zai kunna ba sai an gyara. Farantin ɗanyen nama daban, na gasasshe daban. In an gama kuma, daga tukunya ake fara rufewa.

Wanda ya iya wannan aiki ya cancanci a kira shi gwani, kamar yadda ake kiran kowane mai sana'ar hannu. Kai mai karatu, in kana da irin wannan murhu a gida ko a wurin sana'arka, ka fara da koyon raba wuta da haƙurin barin abinci ya gasu kafin ka taɓa shi. Iyalinka da baƙinka za su ji bambanci tun daga loma ta farko.